Ɗakin Bokitai da Muryar Dakta Yusha'u

Ranar da na fara aiki a ma'ajiyar ƙwaƙwalwa, inda ake ajiye ƙwaƙwalwar mamata don bincike, zare aka fara miƙo mini. Na zo da sabuwar farar riga, ina jiran a ba ni wuƙa ko a zaunar da ni gaban maikiroskof, sai aka ba ni farin zare mai kauri, irin wanda mahautan ƙasar nan ke ɗaure nama da shi, aka ce in koyi ƙulli.

Na kawo wannan ne saboda abin da na ji ranar Asabar a gidan hayar nan na unguwar Withington, inda ku ɗalibai kuke taruwa cin tuwo. Ɗaya daga cikinku, mai neman digiri na uku, ya ce aikina ya fi na kowa sauƙi, tunda masu zuwa wurina ba sa ƙorafi. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don miyar kukar ta yi daɗi, ban so in ɓata ta da lacca ba. Amma kafin in zo Manchester na daɗe ina koyar da bayoloji a sakandare a Zariya, kuma har yau in na ga kuskure hannuna jan biro yake nema. To ga gyaran.

Wadda ta koya mini aikin wata Baturiya ce 'yar Gorton, sunanta Doreen, gajeruwa, mai shan shayi kamar likita ne ya rubuta mata. Ita ta nuna mini amfanin zaren. Ƙwaƙwalwa in aka ciro ta daga kan mamaci laushi gare ta, kamar awarar da ba ta gama kamawa ba. In ka ajiye ta a gindin bokiti, nauyinta kaɗai zai baje ta. Saboda haka akwai wata jijiya a ƙarƙashinta da ake zura zaren ta bayanta, a ɗaure bakinsa biyu a kunnuwan bokitin, a bar ta a kife tana reto cikin ruwan magani na tsawon makonni, har ta yi ƙwarin da za ta yanku. In ƙullin ya yi sako-sako, ta faɗi. In ya yi tsauri, jijiyar ta tsinke, nan ma ta faɗi. Kuma ba a sake kawo maka wannan mutumin.

Ɗakin da muke ajiye su yana ƙarƙashin ƙasa, ba taga. Kantoci ne jere da fararen bokitai masu murfi, kowanne da lamba, kowanne da mutum guda a ciki. Jikin ɗakin akwai manyan firji masu tsananin sanyi, kuma duk sanda injinsu ya tashi sai kantocin su ɗauki 'yar rawa, murafen su riƙa ƙwas, ƙwas, ɗaya bayan ɗaya, daga bakin ƙofa zuwa ƙurya, kamar ana kiran suna a aji ana amsawa. Doreen in ta buɗe ƙofar da safe takan ce, “Morning, everyone.” Da farko dariya nake mata. Ba a jima ba na kama kaina ina yin sallama. Ba a taɓa amsawa ba, amma ban cika tsayawa in saurara ba.

Yankan farko da ta bar ni na yi, na wani tsohon direban bas ne. Wuƙar doguwa ce, ta kai tsawon kamu, kuma ja ɗaya ake yi mata, daga tushe zuwa tsini. Ni kuwa na shiga kai da komo kamar mai yanka kabewa. Doreen ta riƙe mini wuyan hannu ta ce mutumin nan ya yi rayuwarsa yana kai jama'a gida lafiya, bai cancanci zarto ba. Bayan wuƙa sai kaki, irin na kyandir. Ana ɗaukar ɗan yanki a dasa shi cikin kaki, a sa a injin da ke fere shi siriri, ya fi fatar albasa sirantaka. Ba a taɓa shi da yatsa. Da burushin fenti na yara ake ɗaga shi, a kwantar a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a tallabo shi da gilashi. Duk wannan ana yi ne ba a numfashi, don huci ɗaya ya isa ya tashi da shi. Na taɓa neman tunanin wata mata a ƙarƙashin tebur, a durƙushe, saboda atishawa.

Abin da muke nema a gilashin ba shi da wuyar faɗa. A cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai furotin da ke da yadda ya kamata ya naɗe. Wata rana guda ɗaya sai ya naɗe a karkace. Da zai tsaya a nan, da ba komai. Amma in ya taɓa na kusa da shi sai shi ma ya karkace, wannan ya taɓa na gaba, su taru su dunƙule, ƙwayar ta mutu, abin ya tsallaka maƙwabta. Haka yake tafiya a hankali, shekara da shekaru, har mutum ya nemi sunan 'yarsa ya rasa. Likita na iya zato tun mutum na raye. Tabbacin wane iri ne, sai an duba naman.

Wannan duk koyo ne, kuma hannu na sabawa. Wuyar aikin a falon mutane take. Ƙwaƙwalwa ba ta zuwa da kanta. Sai mai ita ya yarda tun yana raye, sai iyalinsa sun kira mu in ya rasu, kuma sai an yi da wuri. Bature kan ajiye gawarsa mako biyu yana zaɓen fure. Mu kuwa, kun sani, mutum na cikawa ake tambayar inda likkafani yake. A tsakanin kukan farko da zuwan masu wanka, nan ne ni zan shigo in yi gyaran murya. Wanda ya ce wannan sauƙi ne, ya zo in ba shi adireshi.

Dakta Yusha'u da ƙafarsa ya zo mana. Bakatsine ne, ya daɗe yana aikin GP, wato likitan unguwa, a Birmingham har ya yi ritaya, kuma kusan duk Bahaushen da ke unguwar Sparkhill ya taɓa buɗe masa baki ya ce “aa”. Shi ya gano ciwonsa da kansa. Kalmomi suka fara zame masa, ya riƙa ce wa cokali “abin nan”. Mahaifiyarsa a Katsina haka ta ƙare, shiru, aka ce aljanu ne. Ya ce shi yana son 'ya'yansa su san sunan abin da ke bin gidan. Ya tambayi malamai, ya tarar sun saɓa a kan bayar da sashen jiki don bincike, ya zaɓi fatawar da hankalinsa ya kwanta da ita. Ya shigo jirgin ƙasa da matarsa, Hajiya Rakiya, ya sa hannu, sannan ya ce sai ya ga ɗakin.

Ba ma nuna wa masu bayarwa ɗakin. Amma hana tsohon likita shiga ɗakin asibiti aiki ne da ya fi ƙarfin albashina. Ya bi kantocin, hannuwa a baya, kamar sufeton makarantu. Injin firjin ya tashi, murafen suka fara, ya tsaya cak ya saurara har suka kai ƙurya.

“Malam Habu, kullum haka suke yi?”

“Kullum, Dakta. Girgizar inji ce.”

“Na san girgizar inji ce. Tambaya na yi.” Ya juya wajen matarsa, wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa. “Rakiya, kin ji, kin gani. In lokaci ya yi, ki kira Malam Habu kafin ki kira masu wanka.”

Ta ce, “Allah ya sa mu cika da imani.” Wannan kuwa, kamar yadda kuka sani, ba i ba ce, ba a'a ba ce.

Shekarar da ta fi muni ta zo ne bayan haka, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Aka sallami Doreen da kati da kek. Matar da ke yawo masallatai da zaurukan taro tana wa jama'a bayanin ciwon mantuwa ta bar aiki, ba a ɗauki wata ba, aka ɗora mini. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe gidajen da tsofaffi ke wuni, ganin GP ya koma sai an jira makonni. Mutane suka zauna a gida da tsoho mai ruɗewa a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ita waya ba ta taɓa cewa a dawo wani makon ba.

Sashenmu na da wani ɗan bincike a kan jita-jitar lafiya da ke yawo a wayoyi, kuma da yake ni ne mai jin Hausa, ni ke tattara namu. Na saba da su. Tukunyar alminiyam na cinye tunani. Man kwakwa cokali biyu da safe na dawo da shi. Irin waɗannan ba su da uba, ba su da murya, rubutu ne da aka kwafa har ya koɗe.

Wannan kuwa saƙon murya ne, kuma ƙanwata ce ta turo mini daga Zariya, da tambaya a ƙasa: “Yaya, ba a irin wurin nan kake aiki ba?” Ina cikin ɗakin bokitai ina canza ruwan magani na kunna shi.

Muryar dattijo ce, a natse, Hausa tsantsa. Ya yi sallama, ya yi salati. Ya ce, “Ni ne Dakta Yusha'u, likita a Ingila. Jama'a, ku ji ni da kyau. Kada ku kai tsofaffinku asibitin mantuwa. Allurar mura da suke yi wa tsofaffi, ita ke kawo mantuwar, don ƙwaƙwalwa suke so. Suna da ɗaki a Manchester, a ƙarƙashin ƙasa, ba taga. Na shiga da ƙafata. Fararen bokitai ne, kowanne da mutum a rataye da zare, a kife. Kuma ba su mutu ba. In ka tsaya shiru za ka ji suna ƙwanƙwasa murfi. Ni dai na bar wasiyya, kada a bari kowa ya taɓa kaina.”

Yana kaiwa nan injin firjin ya tashi.

A aikin jita-jita akwai abin da muka lura da shi tun tuni: ƙarya zalla ba ta yin nisa, sai an haɗa ta da gaskiya. Maganar allura ƙarya ce, maganar rai a bokiti ƙarya ce. Amma ɗakin daidai ya faɗe shi, har zaren, har ƙarar. Ni na buɗe masa ƙofa.

Kafin a jima iyalai suka fara kira suna janye sunan iyayensu. Wani bawan Allah a Gorton ya daina kai mahaifiyarsa asibiti, ya hana a yi mata allurar mura, ga sanyi ya shigo. Na je wani zaure yin bayani, na ɗauki lokaci ina zana ƙwayoyi a allo, sai wani daga baya ya ɗaga waya sama ya kunna saƙon har ƙarshe. Ya ce, “Malam, kai likita ne?” Na ce a'a. Ya ce, “To shi likita ne.” Ya zauna. Ban taɓa ganin an kammala muhawara da tsafta haka ba.

Na shiga mota na tafi Birmingham. Gidan yana wani layi da ya ɓalle daga Stratford Road, bayan shagunan atamfa da masu gasa kaza. 'Yarsa Nafisa ta buɗe mini, akanta ce, haihuwar nan, Hausarta na da ƙanshin Birmingham. Dakta na zaune a kujera jikin taga, an sa masa kaftani mai guga da hula. Na gaishe shi. Ya dube ni kamar yadda ake duban bango. Nafisa ta ce ya daɗe da daina hira.

Hajiya Rakiya ba ta ɓoye komai ba. Ta ce yayarsa ce a Katsina, tsohuwa, kullum in an kira sai kuka, wai an hana ta jin muryar ɗan'uwanta. In aka kara masa wayar sai ya yi shiru. To wata rana da la'asar, bara waccan, ya buɗe baki ya kama magana tiryan-tiryan kamar da. Ta lalubo waya ta danna ɗaukar murya.

“Wallahi Malam, ni ban ma saurari abin da yake cewa ba. Murna nake yi Likita na magana. Na tura wa Yaya. Ita kuma ta tura wa 'ya'yanta su ji kawunsu.”

Daga nan ya shiga group ɗin dangi, ya shiga na 'yan unguwa, ya je Kano, ya je Jidda, ya kewayo ya dawo Sparkhill, layi biyu da inda aka ɗauke shi. Ciwon da ke kansa ne ya yi maganar, kuma ya yi ta da muryar da jama'a suka saba yarda da ita. Na roƙi Hajiya ta bari a sanar cewa ba shi da lafiya lokacin da ya faɗa. Ta gyara mayafi.

“In shiga duniya in ce mijina ya taɓu? Shi da ya yi wa rabin unguwar nan magani? A'a, Malam. Sha shayinka.”

Ina cikin shan shayin wayar Nafisa ta yi ƙara. Wata ƙawarta ce ta turo mata saƙo, ta danna ba ta duba ba. Sallamar Dakta ta cika falon. Ta rikice tana neman kashewa, Hajiya ta ce ta bar shi. Mutumin da ke kujera ya juyo da kansa a hankali wajen wayar. Leɓensa na motsi kaɗan, yana bin maganar a baya, kamar mai bin liman. Da muryar ta kai ga “kada a bari kowa ya taɓa kaina”, ta tsaya, sai ya buɗe baki, a fili ƙarara:

“Ƙarya yake.”

Ban san na miƙe tsaye ba.

“Zauna, Malam,” in ji Hajiya. “Kalmomin da suka rage masa ke nan. Haka yake ce wa mai karanta labarin yanayi a talabijin. Ni ma in na ce abinci ya sauka, haka nake sha.”

Ya rasu a farkon bazara, da hantsi, a gida. Nafisa ce ta kira. “Uncle, Baba ya rasu. Mum ta ce in kira ka kafin masallaci.” Na ɗauki bokiti da zare da ƙanƙara na sa a bayan mota. Tsukewar aljihun gwamnati ta yi mini amfani sau ɗaya tak a rayuwa: council ta rage ma'aikatan maƙabarta, ba za a sami kabari ba sai washegari. Wato akwai wuni guda.

Na tarar da gidan cike. Maza a falon gaba, mata a ciki. Ƙanin mamacin, Alhaji Lawal, injiniya ne shi ma a Birmingham, ya tare ni a soron da bai fi faɗin mutum biyu ba, waya a hannu kamar shaida a kotu. Hajiya na tsaye bakin kicin cikin hijabi, Nafisa a gefenta.

“Malam Habu, mun gode da ta'aziyya. In dai ta'aziyya ce ta kawo ka.”

Na yi masa gaisuwa, na yi wa mamaci addu'a. Na ce ya san abin da Dakta ya nema.

“Na san abin da Yaya ya faɗa da bakinsa. Duniya ta ji. Tun safe mutanen Katsina ke kirana, kuma ba wanda ya fara da tambayar yaushe ne jana'iza. Cewa suke, an taɓa kansa? Me zan ce musu?”

“Baffa, he signed it,” in ji Nafisa. “Da hankalinsa, da komai.”

“Ke yi mana shiru da Turancinki. Wasiyya ta ƙarshe ita ake bi.”

“To ai ta ƙarshen ‘ƙarya yake’ ce, Baffa.”

“Kin ga rashin kunyar 'ya'yan ƙasar nan ko, Hajiya? Gawar uban na sama.”

Doka na bayan sa hannun da mutum ya yi da hankalinsa. Amma a aikinmu ba ma ɗauka in iyali sun ƙi, ko da takarda ta kai tsawon zani. Na faɗa musu haka, sannan na yi shiru. A duk kayan aikin da Doreen ta bar mini, shirun nan ya fi wuƙa wuyar riƙewa. In ka ƙara kalma ɗaya, ka zama mai ciniki a gidan mutuwa.

Hajiya ce ta katse shirun. “Malam, in kun ɗauka, me kuke yi da ita? Gaya mini kamar yadda za ka gaya wa ɗalibi.”

Na ce ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, dama da hagu. Mukan raba ta a tsakiya. Ɓari ɗaya ya shiga bokiti, ɗayan a yanka a daskarar.

“Dole sai duka biyun?”

“An fi so. Amma ana iya aiki da ɗaya.”

Ta dubi ƙasa. Daga ciki ana jin mata na karatu ƙasa-ƙasa. “Wanda ya kai ni Manchester ya ce a ɗauka. Wanda na yi jinya ya ce kada a taɓa. Duk su biyun na zauna da su, kuma ba wanda ya sake ni a cikinsu. Ku ɗauki rabi, ku bar masa rabi.”

Alhaji Lawal ya gyara tsayuwa. Ya dubi wayarsa kamar za ta ba shi shawara. Can ya ce, “Wane rabin?”

Na faɗi gaskiyar aiki. Na ce hagun muka fi so, don a nan magana take zama ga yawancin mutane, kuma a nan ciwonsa ya fara.

“Magana a hagu take?” in ji Hajiya.

“E, Hajiya.”

“To ku bar masa hagun. Gobe war haka za a zaunar da shi a yi masa tambayoyi.”

“Haba Hajiya,” in ji Alhaji, muryarsa ta sauka. “Ai ba da nama ake amsawa ba.”

“Na sani, Alhaji. Na yi Islamiyya. A bar masa dai.”

Da azahar aka yi aikin, a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti da ke kusa. Ma'aikacin wurin ya san hannunsa: yanka ta bayan kai, daga kunne zuwa kunne, inda in an ɗinke an sa likkafani ba mai gani. Ya ciro ya ɗora mini a faranti. Ba ta kai nauyin da ya kamata ba; hannu kan san haka kafin sikeli. Na ja wuƙa sau ɗaya a tsakiya, ɓarin biyu suka kwanta gefe da gefe.

Na dama ya ɗan rame, amma da sauransa. Na hagu kuwa, daga gaba zuwa wajen kunne, ya motse kamar busasshen ganye. Tuddan da ya kamata su yi kauri sun zama sirara kamar bakin reza, tsakaninsu ramuka. Daidai inda kalmomi ke zama, kusan ba komai sai ruwa. Samfur ne irin wanda mai bincike kan yi shekaru yana jira. Ma'aikacin ya leƙo ya ce, “You're putting that one back?” Na ce e. Na ce ya matsa, ni zan mayar. Na kwantar da shi a gefensa na hagu, yadda yake, aka cike sauran wurin da auduga, aka rufe. Masu wanka suka karɓi gawar da la'asar. Washegari aka binne shi, kuma Alhaji Lawal ya gaya wa Katsina abin da ya ga ya dace.

Ɓarin dama ya yi aikin. Ya ɗauki watanni, amma gilashi ya nuna furotin ɗin, aka san irinsa, aka san sunan ciwon, aka haɗa Nafisa da 'yan'uwanta da likitan da ke duba cututtukan gado. Saƙon muryar kuwa bai ji labarin rasuwar ba. Har yanzu yana yawo, yakan lafa ya taso duk farkon sanyi, lokacin allurar mura, kuma wani ya ƙara masa rubutu a sama cewa likitan ya rasu jim kaɗan bayan ya tona asiri. Wataƙila yana cikin wayar ɗaya daga cikinku.

Ni na kai musu sakamakon da kaina, don irin wannan ba a faɗarsa ta waya. Hajiya ta fita takaba. Kujerar na nan jikin taga, an ɗora mata kwandon wanki. Nafisa ta yi tambayoyinta da Turanci, ta rubuta, ta tashi ɗauko shayi. Hajiya ba ta tambayi sunan ciwon ba. Sai da muka rage mu biyu ta ce:

“Wanda kuka bar masa, ka gan shi?”

“Na gan shi, Hajiya. Ni na mayar da hannuna.”

“Zai ishe shi?”

Na daɗe ina amsa tambayoyi a aji, har da waɗanda ban san amsarsu ba. Wannan sai da na juya ta. Na ce, “Hajiya, Wanda ya aiko masu tambayar ya san abin da ya rage a ciki.”

Ta dube ni.

“Ashe kaɗan ne,” ta ce.